Kauɗar Ashta

Shekara biyu Adum yana neman matarsa Ashta. Yaƙin Chadi ne ya raba su, ranar da mutanen Injamena suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kamaru. Kwalekwalen da ta shiga ya cika, nasa kuma ya sauka wani wuri daban. Ya duba Kusiri, ya duba Gamboru da Maiduguri. Ko'ina jami'ai sun rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu, sun adana.

Da ƙafa ta gaji sai ya tsaya a Kura, yana yi wa Alhaji Sammani ban-ruwa a gonar alkama.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya aike shi sayen kauɗa, wato busasshen tumatir. Mutanen nan rabawa biyu suke yi su shanya a ƙasa, a ci da yashin a gode wa Allah. Amma a faifan wata tsohuwa Adum ya ga wata iri: an yanka siri-siri, an barbaɗa gishiri, an zura a zare, bayan kowane goma an yi ƙulli.

"Iya, wa ya yi wannan?"

"Saye ka zo ko bincike?"

"Don Allah, Iya."

"Wata baƙuwa ce a gidan Barira, a Bunkure. Hausarta duk a karye kamar taka. Mun ce mata miya ba ruwanta da zare, ta ƙi ji."

Adum ya koma gona hannu wofi, ya yi wa Alhaji bayani.

"Yanzu a kan tumatir za ka bar mini alkama da ƙishi? Matan Chadi nawa ne suka iya zare?"

"Masu zare da yawa, Alhaji. Mai ƙulli a goma ita kaɗai ce. Uwarta ma ta yi faɗan ta gaji."

Alhaji ya tura masa kekensa. "In ba ita ba ce, ka dai taho da kauɗar."

A Bunkure ya tsaya a zauren gidan, ya yi sallama, sannan ya kira sunan Ashta da Larabcin garinsu. Can sai ga Ashta ta fito, allura a hannu. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ka rame. Wa yake maka girki?"

"Ni."

"Ai na gani."

Ta zauna a dakali tana dariya, hawaye na zuba, ta damƙe bakin rigarsa ta ƙi saki. Daga cikin gida Barira ta rangaɗa guɗa.