Saura Kwana Goma Sha Uku

Ranar da zarto ya taɓa hannun yayana Wendell, allon da ke bakin ƙofar masana'antarmu yana nuna ɗari tara da tamanin da bakwai. Kwanakin da aka yi ke nan ba wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Kowace safiya maigadi yake sauya lambar, in kuwa wani ya ji ciwo aka rubuta, sai a koma sifiri. An yi mana alkawari in ta cika dubu za a kashe injuna rabin yini, a gasa nama a filin ajiye motoci, a kuma faɗi sunan sabon heluma, wato shugaban ma'aikatan sashen yanka katako. Duk ɗan garinmu da ke jihar Indiana ya san sunan da za a faɗa.

Shekara ashirin da shida Wendell yana yanka katakon kabad ɗin kicin a wurin, bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ni Loretta a sashen goge katako nake, taku ashirin daga injinsa. Babanmu a kan magana ɗaya ya rene mu, wai a ƙasar nan duk wanda ya duƙa ya yi aiki sai ya ɗaukaka. Ni na ajiye maganar tun da na ga yadda shi baban ya ƙare, a kujera gaban talabijin, huhu cike da ƙurar katako. Wendell kuwa ya riƙe ta kamar addini. Sau uku ana tsallake shi a ba wani heluma, sau uku yana zuwa yi wa mutumin murna, har da kek ɗin da matarsa Charlene ta gasa. Abin yana ƙona mini rai, kuma ina faɗa masa.

Ban ga yadda abin ya faru ba. Ƙarar injin na ji ta sauya, na ɗaga kai na hango shi ya juya wa kyamarar tsaro baya, yana tafiya banɗaki a natse, hannun dama cikin aljihu. Na bi shi. Tafin hannun ne ya buɗe, daga gindin babban yatsa har tsakiya.

"Tashi mu tafi asibiti," na ce.

"Ke dai da baki. Ƙarzane ne. Miƙo mini gam ɗin can."

"Ƙarzane? Ina hango fari a ciki, Wendell. Kai katako ne da za a liƙe ka da gam?"

"Saura kwana sha uku, Retta. So kike in zama Gail?"

Gail ce ta ƙarshe da ta mayar da allon sifiri, da kafaɗarta ta goce. Ba wanda ya zage ta. An dai daina zama kusa da ita a wurin cin abinci, aka daina rage mata kofi, manaja ya mayar da ita shara. Wata huɗu ta yi ta bar aikin. Ni ma ina cikin masu ɗauke kai in ta gaishe mu, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Shi ya sa na miƙa masa gam ɗin. Ni na haɗa masa bakin ciwon da yatsuna, ya zuba gam, muka naɗe da salatif, ya zura safar hannu ya koma kan injinsa.

Duk Juma'a akwai takardar da ake zagayawa da ita, kowa ya sa hannu cewa makon nan bai ji ciwo ba. Wendell ya sa hannu da hannun nan, yana cije leɓe. Juma'a ta zagayo ya sake sawa.

Kada wani ya ce mini mutane ba su sani ba. A kwana na biyar safar ta daina shiga, sai ga wata babba an ajiye masa a kan injin, ba a san wanda ya ajiye ba. Maza suka riƙa ɗaga masa manyan katakai ba tare da ya roƙa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi dalili. Daga baya wari ya fara, wani wari mai zaƙi-zaƙi da ko ƙamshin katako bai danne shi ba, sai aka kawo fanka aka juya ta wajensa. Manajanmu Mista Brandvold ya zo wucewa, idonsa ya sauka a kan hannun, sai ya ɗaga kai yana duba fitilun rufi kamar yau ya fara ganinsu. Ya dafa kafaɗar Wendell ya ce da irinsa ake gina ƙasa, ya wuce.

Ranar Lahadi bayan coci na je gidansu cin abinci. Ya gaya wa Charlene a garejin gida ya yanke, ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba. Da ta shiga kicin ɗauko dankali na fizge hannun rigarsa sama. Wani jan layi ne ya taso daga wuyan hannu, ya kusa kai gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni. Na ce masa gobe da safe ofis zan shiga in faɗi komai, allon ya koma sifiri, su mutu.

"In kika buɗe baki, ba ni ba ke," ya ce a hankali. "Shekarata hamsin da huɗu. In wannan damar ta wuce ni, ba wata kuma. Na yi duk abin da aka ce a yi, Retta. Ki bar ni in ƙarasa."

Na yi niyyar shiga ofis ɗin, Allah ya sani. Ranar Litinin har na kai bakin ƙofa, na ga idanun mutane a kaina, na wuce kamar ruwa zan sha.

Ranar dubu ta faɗo a tsakiyar Yuli, zafi kamar a kicin. Aka kafa rumfuna, aka kawo lemo cikin ƙanƙara, hayaƙin nama ya cika filin. Wendell ne kaɗai da rigar sanyi, yana rawar ɗari, fuskarsa ta yi toka. Mista Brandvold ya hau bayan wata akori-kura da lasifika, ya yi dogon bayani a kan yadda muke iyali ɗaya, sannan ya kira sunan: Wendell Haskins. Aka yi ta tafi da fito. Na ga yayana yana tafiya a miƙe, yana murmushin da rabona da ganinsa tun muna yara.

Manaja ya diro ya miƙo hannun dama. A wurinmu namiji ba ya karɓar girma da hagu, ba ya kuma ba da hannu a sake. Wendell ya ba shi na daman. Mista Brandvold ya damƙe da ƙarfi, ya girgiza, ya ci gaba da riƙewa don mai hoto ya ɗauka. Murmushin bai bar fuskar Wendell ba har ya yanke jiki ya faɗi.

A asibiti aka yanke hannun, daga wuyan hannu. Likitar ta ce da ya zo ranar farko, ɗinki takwas ne da ƙwayoyi.

Kwana uku bayan nan wata mata daga ofis ta zo asibitin da furanni da jaka. Muryarta mai daɗi. Ta shimfiɗa takardun Juma'a guda biyu a kan bargonsa, ta tambaye shi a ina ya ji ciwon. Ta yi bayani a tsanake: in a wurin aiki ne, to ya sa hannu a kan ƙarya sau biyu, laifin kora ne nan take, in a gida ne, ba ruwan kamfani, sai addu'a. Wendell ya dubi takardun ya ce a gareji ne. Ta rubuta. Ina zaune a gefe, kuma wannan karon ma na bar ƙaryar ta wuce.

A baranda ta tsayar da ni. Ta ce abin takaici ne, amma a ƙa'ida dole heluma ya iya sarrafa kowane zarto a sashensa, shi kansa tsohon aikin nasa hannu biyu yake so. Ta raka ni har wajen motata, ta buɗe tata ta ɗauko wani kwali. Kayan lokarsa ne: kofinsa, tabaransa, takalman aiki, hoton Charlene. Ta ce ta ga ya fi kyau ya ji daga bakin ɗan'uwa.

Na sa kwalin a but ɗin mota, na koma sama. Na same shi ya sa Charlene ta ɗaga masa gado, yana koyon riƙe cokali da hagu, miya na zuba a ƙirjinsa.

"Retta, ki ba Mista Brandvold haƙuri," ya ce. "Sabon heluma, ga shi tun ranar farko ba ya nan. Ki ce masa Litinin ina zuwa."

Na ɗauki tawul na goge masa miyar. Na ce to, zan faɗa masa.