Bidiyon da Aka Ba Nababa

Nababa manomi ne a bayan Adogi, inda ko turken wutar lantarki ba a kafa ba, amma duk yankin babu mai tarin kaset ɗin fim kamarsa. Mutane na yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa, don ya san abin da ya taka. Yana da aboki a Lafiya, Ushahemba, mutumin Tibi, ma'aikacin ofishin gona da ke zaune a kwatas ɗin gwamnati mai wuta. Sun saba tun Ushahemba na zuwa duba gonaki a kan keke. Da bidiyo ya shigo gari sai suka raba aiki: Ushahemba ya sayi na'urar, irin wadda ake kira Bita mai cin ƙaramin kaset, Nababa kuma ya ɗauki nauyin kaset.

Ya kuwa ɗauka da gaske. Duk kakar da ya sayar da agushi ko riɗi sai ya ƙaro, na Indiya, na 'yan Sin masu faɗa, har da na kokawar Turawa. Yana adana su a akwatin ƙarfe, ya zuba gawayi a ƙyalle saboda fumfunar damina. Ran Asabar da hantsi ya yi wanka, ya zaɓi biyu, ya hau babur sai Lafiya. Ngodoo, matar Ushahemba, ta kawo musu sakwara, su ci, su kalla, su yi ta gardama a kan abin da jarumin ya ce, alhali babu mai jin Indiyanci a cikinsu. Wannan zaman shi ne daɗin duniyar Nababa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

A shekarar 1989 aka yi wa Ushahemba ƙarin girma, sai ga sababbin abokai, don ba sa jin kira sai kujera ta canja. Babbansu wani Patrick ne, ɗan kwangila, mai yawan turare da yawan bayani. Shi ya fara cewa Bita ta mutu, duniya ta koma VHS mai babban kaset, ko masu ba da hayar kaset a kasuwa sun daina ajiye ƙananan. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona wa Nababa rai ke nan. Ya dai yi ta kare kayansa, yana cewa hoton Bita ya fi kyau, kuma fim mai kyau ba ya tsufa. Patrick ya tambaye shi, cikin fara'a, ko sau nawa mutum zai kalli mace ɗaya tana rawa a bayan bishiya ɗaya. Aka yi dariya, har da Ushahemba.

A bakin ƙofa Nababa ya ja abokinsa gefe ya tambaye shi gaskiyar magana. Ushahemba ya ce yana tunani tukuna, ai su biyu suka fara, ba zai yanke komai shi kaɗai ba. Nababa ya koma gida ya kwana da lissafin yadda za a yi. Ya yarda a sayi sabuwar, ya ma yarda ya fara sayen manyan kaset in an yi kaka. Abin da yake so kawai a bar tsohuwar a gefen talabijin, a bar masa Asabar ɗinsa.

Asabar ta gaba ya iso da wannan shawara a bakinsa, sai ya tarar an riga an gama. Sabuwar na'ura na zaune a kan tebur, an rufa mata ƙyallen saƙa. Tsohuwar kuwa tana cikin kwalinta a tsakar ɗaki, an goge ta tas, an naɗe wayoyinta. Patrick da wasu biyu suna kan kujeru.

"Abokina," in ji Ushahemba da irin Hausarsa, "wannan bidiyo, na ba ka shi. Kyauta. Kaset naka ne, to bidiyo ma ya zama naka. Yanzu ba sai ka sha wahalan hanya kowane Asabar ba."

Baƙin suka hau yabo, suna cewa irin wannan abota ta yi wuya a zamanin nan. Nababa ya dubi kwalin, ya dubi mutumin da ya sha kwana a gidansa na ƙauye a hasken fitilar ƙwai, wanda ya san sarai babu inda za a soka wannan waya a can. Ya so ya ce wani abu, amma me mutum zai ce wa wanda ya yi masa kyauta a gaban jama'a? Ya yi godiya. Ushahemba da kansa ya ɗaure kwalin a bayan babur da roba, ya ja ya tabbatar ba zai faɗi ba. Ko zama ba a ce ya yi ba.

A gida kuwa sai abin ya zama biki. Maƙwabta suka cika zaure suna shafa na'urar, suna sa wa Ushahemba albarka, Nababa na amsawa da amin. Matarsa Rekiya ta fi kowa murna. Ta ce kyauta irin wannan ba a barin ta da godiyar baki, dole a koma takanas a yi godiya, kada a ce ba su san ya kamata ba. Ta shiga rumbu ta zaɓo manyan doya, irin waɗanda ake ajiyewa don iri. Nababa ya ce a bari, ta ce ba za a bari ba, yayansa ma ya goyi bayanta. Bai iya gaya musu cewa korarsa aka yi ba, don da ya faɗa, da sun ce ya yi butulci.

Da Asabar ta zagayo ya ɗaura doyar ya tafi. A hanya wani ɗan fata ya taso masa, wai ƙila shi ne ya yi wa abin mummunar fahimta, ƙila ya tarar an ajiye masa kujerarsa. Mutum in yana son abu, babu irin wautar da ba zai gaya wa kansa ba.

Motar Patrick na ƙofar gida. Daga taga ana jin kiɗan wani fim da bai sani ba, da muryar Ushahemba yana gardama da ƙarfi, irin gardamar nan dai, da wani. Ngodoo ce ta fito. Ta yi murna da doyar ƙwarai, ta tambayi Rekiya da yara, ta tambaya ko bidiyon na aiki lafiya. Ya ce lafiya lau. Ya tsaya yana riƙe da robar da ya kwance, yana jiran ta kauce daga bakin ƙofa.

"Suna tsakiyar fim," ta ce a hankali, ba ta dube shi ba. "Zan gaya masa ka zo godiya."