Kwana Bakwai na Kankare

Diga ta daki dutse, ta yi tsalle, kafaɗata ta amsa. Ramin ko gwiwa bai kai ba.

"Birkila, ƙasa ta ce ka tsaya," in ji Gora daga kan kujerarsa.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya, shekara talatin da ɗaya. Tsawo ya ja masa sunan. Yanzu ciwo ya cinye shi, sai tsawon ya rage.

"Ƙasa ba ta ba ni umarni," na ce.

Jikarsa ce ke buga ƙwallon kwando a makaranta. Tun bara ya saya mata dogon ƙarfe da allo da kwandon, suna jingine a bayan gida. Da asibiti suka sallamo shi ba su ba shi ranar komawa ba, sai ya aika a kira ni. So yake ya ga ta jefa.

Kwana uku na yi da kurfi da guduma. Dutsen da ya fasu na fasa. Wanda ya ƙi, na huda shi, na cusa masa rodi, na ce kai ma ka yi aiki. Na kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, na zuba, na dasa ƙusoshi huɗu da ƙarfen zai zauna a kai. Na rufe da jiƙaƙƙen buhu.

"Gobe a kafa?"

"Sai ya kwana bakwai."

"Da wa ka yi shawara? Ni ba ni da bakwai a hannu."

"Siminti bai san ka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Rana ta huɗu da zubi 'yarsa ta same ni ina ba kankaren ruwa.

"Baba, ya daina cin abinci. Don girman Allah a kafa yau."

"Ƙarfen nan ya fi ki nauyi. Ɗanyen kankare zai riƙe shi wata biyu, rannan ya sake shi. 'Yarki ce a ƙarƙashi."

"To in ya tafi bai gani ba fa?"

Na ci gaba da zuba ruwa. Ta tsaya, ta gaji, ta shige.

Ban yi makaranta ba, amma shekara arba'in ba a taɓa kwashe ginina daga kan mutum ba. Ba zan fara da gidan Gora ba.

Rana ta shida ba a fito da shi ba. 'Yan'uwa suka fara zuwa, takalma sun cika ƙofa. Na ɗauki sifanar ɗaure noti, na je bakin ramin, na ɗaga buhu. Na karci kankaren da ƙusa. Ƙusar ta bar shaida, bai gama ƙwari ba. Na daɗe a tsugunne. Sannan na mayar da sifana aljihu, na shiga ɗakinsa.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

"Mugu," ya ce, ya rufe idon.

Da safe na tsaya jikin katanga ina saurare. Ba kuka. Sai ƙarar tukunya, sai wani dogon tari. Ban taɓa jin tari mai daɗin wannan ba. Na zauna a kan bulo.

Mutum huɗu suka ɗaga ƙarfen. Ni na ɗaure notika, ban ba kowa ba. Aka ɗauko shi da kujerar gaba ɗaya, 'yarsa na riƙe masa kai.

Yarinyar ta jefa, ta ɓata. Ta sake, ta ɓata.

"Gwiwar hannu," ya ce. "Mayar da ita ciki."

Ta uku ta shiga. Ya kalli ragar har ta daina motsi, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ɗan karkace."

"Wuyanka ne ya karkace."

Ya ƙara kwana biyu a duniya. Ya sa an buɗe masa tagar da ke kallon bayan gida, ya hana a rufe. Da hantsi ina tsakar gidana ina wanke kayan aiki, ƙwallon na dukan ƙasa a can, dum, dum. Sai ta yi shiru.

Na gama wanke cokalin gini, na rataye shi. Na ɗauraye hannu, na ɗauko hulata, na nufi gidan Gora.