Ɗigon da Barira Ta Ƙirga

Zazzaɓi ne ya kwantar da Barira a bencin ɗakin nas-nas da azahar, bayan ta ɗaura wa wani yaro, Ɗanlami, ƙarin ruwa. Sabuwar nas ce, ta ɗaya a ajinsu, irin waɗanda gara su ɓata da su tambayi hanya. Ta ɗan yi shakkar robar ɗigon ruwan da ta sa, amma ganin babbar nas, Sista Delu, cikin mutane sai ta haɗiye tambayar.

Tana lumshe ido, ɗakin ya zama fadama. Ledojin ruwa sun nuna a jikin tsamiya, suna ɗiga. Agogon da ke maƙale a ƙirjinta ya sauko ƙasa, ya shige gaba yana ɗingishi.

"Biyo ni, sarkin lissafi," in ji shi.

Suka iske tsofaffi biyu suna cika tulu. Ta fari da ɗan cokali, ta ce, "Ni ce robar yara. Sai na ɗiga sittin ake samun mililita ɗaya."

Ta biyu da ludayi, ta ce, "Ni ta manya ce, ashirin sun ishe ni. Lissafinta kika yi, kika ba ni aikin."

"Lissafina daidai ne," in ji Barira.

"Daidai ne, 'yar nan. Na wa?"

Barira ta leƙa tulun. Ɗan ƙarami ne, ruwa ya kai wuya, ga idanun Ɗanlami a ciki suna kallonta. Ta buɗe baki ta kira Sista, sai wata mace mai lulluɓi da ke goye a bayanta ta toshe mata baki. Tafin hannun laushi gare shi.

"Wace ce ke?"

"Kunya. Ke kika goya ni. Yi shiru, kada a ce ba ki sani ba."

Ludayi ya sake nitsewa. Barira ta gantsara wa hannun cizo, ta farka da ɗan yatsanta a baki.

Ba takalmi ta ruga ɗakin yara. Leda ta wuce rabi, idanun yaron sun ɗan kumbura, amma yana numfashi. Sista Delu ta riga ta rage gudun ruwan. Sai ta miƙa mata fankon robar, babban yatsanta a kan lamba ashirin.

Barira ta so ƙasa ta tsage ta shige. Sai uwar yaron ta kamo hannunta, wanda ta ciza.

"Ke da ba ki da lafiya, kika taso a guje saboda ɗana? Allah ya yi miki albarka, 'yata."