Lemar Malama Morita

Takalmi ne ya kayar da Jumai a jarrabawar baki ta Japananci. Shekararta ta uku ke nan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Biyu ta yi tana koyon Sinanci, sannan ta koma sashen Japananci, don ta ji masana'antun motocin Japanawa na bayan gari suna neman tafintoci. Jarrabawar kuwa ba ta da wani wuya. Malama Morita, Bajapaniyar da ke koyar da su, ta jera kaya a tebur ta zama mai kanti a ƙasarsu. Ɗalibi ya shigo, ya gaisa, ya zaɓa, ya biya, ya rusuna, ya fita.

Jumai ta gaisa lafiya lau. Da ta ji kuɗin takalmin sai ta riƙe baki, ta taya rabi. Malama ta ce ba ragi. Jumai ta ajiye shi, ta nufi ƙofa a hankali tana jiran a kira ta. Ba a kira ta ba. Sai da ta tsinci kanta a baranda ta tuna inda take.

Aka ba ta mako biyu ta sake. Idan ta kuma faɗuwa za a cire sunanta daga masu tallafin karatu, kuma a wannan shekara da Sin ke karɓar gasar Olamfik aka tsaurara wa baƙi, wanda ba shi da takardar makaranta bai ma fara zancen sabunta biza ba.

Ta kai kukanta wurin Hajiya Yalwa, ƙanwar babanta, wadda ta zo saro kaya daga Kantin Kwari ta sauka a wani masauki a titin Huanshi Lu.

"To laifin me kika yi?" in ji Hajiya Yalwa. "Nawa kika taya?"

"Rabi, Gwaggo."

"Rabi! Ai shi ya sa suka kayar da ke. Daga kashi ɗaya cikin huɗu ake farawa."

"Gwaggo, a kantunansu ba a tayawa kwata-kwata. Abin da aka rubuta shi ake biya, har da godiya."

Hajiya Yalwa ta dube ta da tausayi. "Allah sarki. Kuma suna da iyaye?"

Washegari suka shiga kasuwar tufafi ta Baima. Jumai ta yi niyyar gwada kanta: za ta sayi abu ɗaya a kuɗin farko, ko da mayafi ne. Suka tsaya a shagon wata Basiniya da suka saba da ita. Matar ta buga kuɗi a kalkuleta, ta miƙo, ta gyara tsayuwa tana jiran faɗa. Jumai ta rusuna ta ce ta saya.

Hajiya Yalwa ta juya baya ta shiga kallon silin. Mai shagon ta dubi kalkuletar, ta dubi Jumai, ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta taɓa mata goshi. Daga nan ta rage kuɗin da kanta, ta sake ragewa, tana masifa.

"Kin gani ko, 'yar nan?" in ji Hajiya Yalwa da suka fito. "Kin ɓata wa baiwar Allah rai da safe. Gobe kada ki biyo ni."

Ranar sake jarrabawa Jumai ta shiga aji da bisimilla. Malama Morita tana bayan tebur, wani malami yana gefe da takardar maki. Babu takalmi yau. Lema ce shuɗiya mai hoton 'yan tsanan Olamfik, da kuɗinta a maƙale.

Jumai ta san lemar nan. Ta san ginin da ake sayar da ita a titin Guangyuan, ta san benen, ta san mai shagon da haƙorin zinarensa. Ta kuma san in a wannan kuɗin Malama ta saye ta, an cuce ta cuta mai tsanani. Harshenta ya fara ƙaiƙayi. Ta danne shi da haƙori. Ta yaba launin lemar, ta ce ta saya, ta miƙa kuɗin wasa da hannu biyu, ta karɓi kaya, ta rusuna daidai yadda aka koya musu. Malamin gefe ya gyaɗa kai yana rubutu.

Saura taku uku ta fita, bakinta ya buɗe da kansa. Cikin Japananci mai ladabi, ba kuskure ko ɗaya, ta ce:

"Ba za a ɗan yi mini gyara ba?"

Biron malamin ya tsaya. Jumai ta hango kanta a filin jirgin Kano da akwati.

Malama Morita ta dube ta. Sannan ta buɗe jakarta, ta ɗauko alawa guda, ta ɗora a kan lemar da hannu biyu.

"A Osaka aka haife ni, garin 'yan kasuwa," ta ce. "Mahaifiyata ba ta taɓa barin kanti ba tare da an ƙara mata wani abu ba. Rannan da kika nufi ƙofa, sai da na riƙe tebur don kada in kira ki." Ta juya wurin malamin. "Ta biya abin da aka rubuta. Ta ci."

Jumai ta rusuna har sau uku. Tana bakin ƙofa Malama ta rage murya ta ce, "Lemar nan fa, nawa take a gaskiya?"

Jumai ta faɗa mata. Malama ta zauna a kujera.

Ran Asabar aka ga mata uku sun fito daga tashar jirgin ƙasa sun nufi titin Guangyuan a ƙafa. Hajiya Yalwa ce a gaba, Jumai da Malama na biye, tana riƙe da lemar, tana neman mai haƙorin zinare.