Ɗakin Sarauniya

Shekara hamsin da biyar ke nan da aka datse kogi, ruwa ya haɗiye ƙauyen su Baba. Bana tafkin ya janye sosai, har gindin gine-ginen ya fito fili. Baba ya ji a rediyo, ya ce a kai shi ya ga ɗakin mahaifiyarsa. Likita ya riga ya faɗa mana idonsa na dama ya tafi, na hagun ma sallama yake yi. Damina kuma saura 'yan makonni ta mai da ruwan inda yake. In ba yanzu ba, shi ke nan.

Yayana kuwa ya mai da abin yawon shaƙatawa. Ya sayo sandar kamun kifi, mutumin da ko a kwano sai matarsa ta cire masa ƙaya. Ya sayo tanti, da kujerun naɗewa, da wata hula mai faɗin tire. Baba dai yana gaban mota, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Muka iske ƙauyen ya sami ci gaba bayan mutuwarsa. Ga wurin ajiye motoci, ga jiragen kwale-kwale na haya, ga ƙaton allo da aka rubuta wai kufan tsohuwar masarauta ne. Lokacin da mutane ke ciki ko hanya ba a yi musu ba. Wani mai jagora, da usur rataye a wuya, ya haɗa mu da wasu baƙi ya sa mu gaba.

"Nan ne kurkukun sarki," in ji shi, yana nuna wani zagayen duwatsu. "Shekara ɗari bakwai."

Baba ya karkata kai ya duba da ragowar idonsa. "Turken awakin kawuna ne."

"Baba, don Allah, mutane na ji," in ji Yaya, yana jawo hularsa ƙasa.

Haka muka wuce rijiyar ƙauye, wadda ta zama ramin ɓoye zinariya, har muka isa wani ɗan ɗaki da bangonsa bai kai gwiwa ba. An kewaye shi da igiya. Mai jagora ya gyara murya ya ce ɗakin sarauniya ne, dutsen da ke ciki kuma kujerarta. Baba ya tsaya cak. Daga bakin igiya ba ya ganin komai sai duhu-duhu, sai ya ɗaga ƙafa zai ƙetara. Usur ya tashi.

"Baba, ba a shiga. Kayan tarihi ne, hannu na lalata su."

Ruwa ya kwanta a kansu shekara hamsin da biyar, kifaye sun yi ƙwai a ciki, amma hannun tsoho ne zai lalata su. Raina ya ɓaci.

"Malam, a ɗakin nan aka haife shi," na ce.

"Baiwar Allah, ko jiya wani ya ce shi jikan sarkin ne."

Baba ya juya wajen mai jagora. "Ɗana, to kai shiga ka duba mini. Dutsen nan na niƙa ne. Tone gefen da ke kallon ƙofa, can ƙasa, za ka ga ya ɓalle. Ni na ɓalle shi da gatari, na sha dukan da har yau ban manta ba."

Mai jagora ya shiga yana murmushi don baƙi su gani. Ya tone busasshen laka da ɗan makullinsa, ya ƙara tonewa. Murmushin ya ɗauke. Ya miƙe ya ɗaga igiyar, bai dubi kowa ba.

Na riƙe Baba ya durƙusa da ƙyar. Ya shafa dutsen, ya bi kwarmin tsakiyarsa da tafin hannu, ya laluba ƙasa inda gwiwoyin mahaifiyarsa ke sauka. Ban taɓa ganin kakata ba. Abin da na sani kawai, niƙa take yi wa gidajen mutane, da shi ta raini 'ya'ya biyar. Tausayin Baba ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ko Yaya ya cire hular.

Ana haka wani kwale-kwale ya sauke sababbin baƙi, kowa da waya a hannu. Mai jagora ya saci kallonmu, sannan ya koma bakin aikinsa. Ya ce ɗakin sarauniya ne, a kan dutsen nan take zama, bayi na yi mata fifita.

Na buɗe baki zan wanke shi tas a gaban baƙinsa. Baba ya damƙe wuyan hannuna.

"Ƙyale shi, 'yar nan," ya ce. "Shekara talatin tana durƙushe a gaban dutsen nan. Yau an ce a kai take zaune. Bar ta ta zauna."