Jan Keken da Rahmat Ta Hau

Polycarp ya ɗaga yarinyar ya ɗora ta a kan jan keken da ke ƙofar shago. Shekara tara da wannan dabara yake sayar da kekunan yara: in yaro ya riƙe kan keke ya kaɗa ƙararrawa, da wuya iyaye su fita hannu rabbana.

"Hajiya, kin gani? Kamar don ita aka ƙera shi."

"Rahmat ba ta iya ba fa," in ji uwar, Turai. "Ka sa mata ido."

"Ba inda za ta je."

Suka shiga ciniki. Tana cewa ya yi tsada, yana nuna mata birki da ƙwarin tayoyi. Da ya waiwaya, ba yarinya, ba keke.

Turai ta ƙwala kira, ba amsa. Polycarp ya bar shagon a buɗe ya ruga. Ba'ana mai faci ya ɗago daga tayar da yake liƙewa ya nuna da baki. "Ta yi wajen babban titi, kamar iska."

Polycarp ya nufi titin. Ya kutsa tsakanin masu baro da Keke Napep, takalminsa ɗaya ya cire, bai tsaya ɗauka ba. Duk jan abin da ya hango sai ya zaci ita ce. A bayansa yana jin muryar Turai tana salati.

Dab da bakin titi ya same ta, kusa da mai lemo. Ta jingine keken, ta tsuguna tana ƙoƙarin mayar da sarƙar da ta zame, hannunta duk baƙin mai.

Turai ta iso tana haki, ta ɗaga hannu za ta mare ta. "Wa ya koya miki keke?"

"Baba. Da keken maƙwabta, in kin tafi Islamiyya. Ya ce kar in faɗa sai na ƙware, mu ba ki mamaki."

Hannun ya sauka a hankali. Turai ta ja mayafi ta rufe bakinta. Can ta dubi Polycarp. "Watansa bakwai da rasuwa."

"Allah ya jiƙansa," ya ce. Ya durƙusa ya mayar da sarƙar. "Hajiya, in sa mata ƙananan tayoyi a gefe? Kyauta."

"A'a. Haka za mu saye shi."

Rahmat ta sake hawa. Polycarp ya riƙe sirdin ta baya, yana bin ta da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Oga, sake ni," ta ce.

Ya waiwayi Turai. Ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta gyaɗa kai. Ya saki.